Hoton Aku a Gilashin Shagona

New Bell, Duwala
Litinin da hantsi

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina gaida Gwaggonki Rabi da duk mai kwana a gidan nan na Kassalafam. Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin lafiyar jiki da ta zuciya. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya raba ki da sharrin hanya da na mutum da na dabba, ya kai ki inda za ki, ya dawo mana da ke da ƙafafunki.

Yau sati uku ke nan da kika ɗauki jakarki kika koma wurin Gwaggonki. Gata Alhamis jirginki zai tashi zuwa Gabon. Maganar ƙarshe da kika ji daga bakina kuwa ita ce wadda na yi a tsakar gida, gaban Kawunki Isa da Malam Buba maƙwabcinmu, na ce in kin tafi ba da yawuna ba. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. Sau huɗu ina tare bensikin, wato ɗan acaɓa, in ce Kassalafam, da mun kai kwanar gidan sai in ce wa mai babur ɗin ya juya, na yi mantuwa. Jiya wani mai babur mutumin Garwa ya gane ni, ya ce, "Baba, yau ma mantuwar ce?" Na ce ya tuƙa babur ɗinsa ya bar surutu.

Mahaifiyarki ta daina yi mini magana sai ta abinci. Yau da safe ta dire mini kofin shayi ta ce, "Malam, in bakinka ya ƙi buɗuwa, ai hannunka bai karye ba." Shi ne na fito shago, na yagi takarda a littafin rasit. Ban san yadda wasiƙar za ta ƙare ba, na dai fara.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu kaina bai gama ɗaukar abin ba. Mace da karatunta, da ofis mai sanyi, ta ajiye ta tafi kurmi shekara guda tana ɗaure kyamara a jikin bishiya don a san giwaye nawa suka rage, kuma ba albashi! Kika ce mini, "Baba, c'est du bénévolat," aikin sa kai ne, sai ka ce in an faɗa da Faransanci zai fi shiga kunne. Kin ci sunan mahaifiyata, kin haɗa da taurin kanta. Amma wallahi ba ofis ne ya sa na yi tsawa ba, ba kuma maganar mutane ba ce kamar yadda na ce. Kin tuna kin miƙo mini wayarki kina nuna mini hoton wurin da za ki? Aku ne a ciki, garke guda, sun sauka bakin wani ruwa. Da na gan su sai na hau tsawa. Akwai abin da ban taɓa gaya miki ba, ko mahaifiyarki rabinsa ta sani.

Lokacin kina ciki, shagon nan shi ne shagon hoto a layinmu. Ba kamar yanzu ba da nake yini ina jiran mai son hoton katin shaida. A bayan shagon akwai wani dattijo ɗan ƙabilar Basa da ke haya, sunansa Pa Biyik, yana aikin dako a tashar jirgin ruwa. Malam Foto yake kirana. Kullum in ya taso aiki sai ya zauna a bencina mu raba goro, ni da Faransancina na kasuwa, shi da 'yar Hausar da ya tsinta a kasuwar Marché Congo. Da ƙarfinsa ya ƙare ya koma ƙauyensu, can cikin kurmi bayan garin Edéa. Bayan wani lokaci ya aiko in je in ɗauki hoton bikin 'yarsa. Na tafi da kyamara biyu da girman kai cike da jaka.

Daren farko ban yi ba sai da na yi abin kunya, tun da rana tsaka. Matarsa ta kawo mini kwano a rufe. Ni kuwa na taso da labarin mutanen kurmi ba abin da ba sa ci, sai na tura kwanon da bayan hannu ko buɗewa ban yi ba, na ciro biredina. Matar ta ɗauke kwanonta ta tafi. Sai daga baya 'yarsu ta gaya mini kifi ne da bobolo, wannan rogon da ake naɗewa a ganye. Kuma tun kafin in zo Pa Biyik ya sa an je kasuwa mai nisa an sayo sabuwar tukunya da sabon cokali, don Musulmi zai sauka gidansa. Uwata, za ki zauna da mutanen da ba addininku ɗaya ba, za ki ci daga hannunsu. Ban ce ki ci abin da Allah ya hana ba. Amma ki buɗe kwano ki tambaya, ki yi godiya kafin ki ce a'a. Ni na yi tsoron Allah a ranar a ganina, amma rashin kunya na yi.

Duk da haka mutumin nan bai riƙe ni ba. Da aka gama biki ya ce akwai abin da zai nuna mini wanda bai taɓa nuna wa baƙo ba. Muka fita bayan sallar asuba, muka yi tafiyar ƙafa har rana ta ɗaga, takalmina na Duwala ya yage tun a rabin hanya. (Ki sayi takalmin roba mai tsawo, ki riƙa zazzage shi kowace safiya kafin ki sa ƙafa, na ga abin da ya fito daga nawa.) Muka ɓullo wani fili a tsakiyar kurmi, da ɗan ruwa da laka mai gishiri-gishiri. Ya zaunar da ni bayan wani kututture ya sa yatsa a baki. Can sai na ji sama ta cika da fito da ihu. Aku, Uwata! Ba zan ce miki ga yawansu ba, ban ƙirga ba, amma bishiyoyin da ke kewaye sun koma ruwan toka, ko'ina jan wutsiya. Suna sauka suna cin lakar nan suna faɗa da juna kamar mata a bakin famfo. Ni da na san aku guda ɗaya a keji yana cewa sannu da zuwa, sai na ji hawaye a fuskata ban san lokacin da suka zo ba.

To ga wautar. Ni mai hoton shago ne, na saba in ce wa mutum ɗaga haɓa, juya kafaɗa, yi murmushi, ya yi. Na ɗauka suna ƙasa, na ce ai in sun tashi gaba ɗaya zai fi kyau. Ban shawarci kowa ba, na miƙe na tafa hannu da ƙarfi. Suka tashi fuu, na danna. Hoton ya fita, ba ƙarya. Amma muka koma washegari ba ko ɗaya, muka koma jibi ba ko ɗaya. Pa Biyik bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya dai ce, "Malam Foto, nan ba shagonka ba ne." Ke ma inda za ki ba shagonki ba ne. Za ki zauna yini guda sauro na cinki giwa ba ta fito ba, ko ta fito ta juya miki baya. Ki bar ta. Kada ki jefa dutse, kada ki ajiye abinci don ta matso, kada ki matsa kusa da mai ɗa don turawan da kuke aiki tare su ce kin iya. Na san ki da gaggawa, a wurina kika gada, ko layin burodi ba kya iya tsayawa.

Na tashi yanzu na zagaya layin na dawo. Ruwa ya tsuge, kwatar gaban shago ta cika kamar kullum. Na zo wurin da ba na son rubutawa, shi ya sa nake ta kewaye-kewaye.

Ranar da zan taho, aku sun dawo, hankalin tsohon ya kwanta. Ya rako ni bakin hanyar mota, ya riƙe hannuna biyu ya ce, "Tu n'as rien vu." Ba ka ga komai ba. Ya ce hoton nawa ne, in ajiye a akwati in nuna wa 'ya'yana, amma kada in gaya wa kowa wurin. Ya ce tun kakanninsu suna ɗaukar jan gashin da ya faɗo ƙasa don adon sarautarsu, ba sa taɓa tsuntsun. Na ce masa wallahi. Da bakina na ce wallahi, Uwata.

Na dawo na wanke fim ɗin, na ga abin da na ɗauko, sai na kasa haƙuri. Na buga shi babba, na sa masa firam, na rataye a gilashin shago yana kallon titi. Na ce wa kaina ai hoto ba ya magana, ban karya alkawari ba. Mutane suka riƙa tsayawa. Har daga unguwar Akwa ake zuwa kallo. Kaina ya kumbura, na fara sa hula a karkace.

Akwai wani Alhaji Tanko a lokacin, mai fataucin tsuntsaye zuwa ƙasashen waje, ya rasu yanzu, Allah ya jiƙansa, ba shi nake tuhuma ba. Bai taɓa tambayata wurin ba, ya fi ni wayo nesa. A teburin mai shayi, cikin mutane, ya ce, "Wannan hoto na Malam ai daga kalandar turawa ya yanko. Ina Bahaushen New Bell ina shiga kurmi?" Aka yi dariya. Jinina ya hau. Na ce ni? Na faɗi sunan ƙauyen, na faɗi inda ake sauka daga mota, na faɗi rafin da ake ƙetarewa da kututturen da na ɓuya a bayansa, har da zane a kan tebur da yatsa da ruwan shayi. Alhaji Tanko ya ce, "To, na yarda, ka je." Ya biya mini shayin.

Ki karanta wannan sau biyu. Ba wanda zai zo miki da fuskar mafarauci. Zai zo ne da yabo, ko da raini, ya ce ke mace ina kika isa ki ga giwa mai haure irin wannan. Ki bar shi ya raina ki. Ke kika gaya mini waya tana liƙa wa hoto wurin da aka ɗauke shi, kin fi ni sanin yadda ake kashe wannan, to ki kashe. Kuma kada ki tura irin waɗannan hotuna a zauren danginmu na waya. Kawunki Isa mutumin kirki ne, amma in abu ya shiga hannunsa da safe, kafin azahar ya kai Kano.

Ba a yi wata biyu ba Alhaji Tanko ya aiko a kira ni gidansa da kyamara. Masu saye a waje suna son ganin kaya. Na shiga bayan gida na tarar da akwatunan katako jere, an rufe da waya. Da danƙo ake kama su, a shafa a sanduna a ɗaure a kan bishiya, a ɗaure aku ɗaya mai rai yana kuka, 'yan'uwansa su sauko su manne. Gashinsu duk ya cuccuɗe da danƙon, wasu fiffike a karye. Ba fito, ba ihu, sai wani gurnani da ban taɓa ji ba. Ma'aikatansa suna tsince matattu suna zubawa a buhu. Ya ce in ɗauki masu kyan gani kawai. Na san daga inda suka fito, ba sai an gaya mini ba. Kin san abin da ubanki ya yi? Na gyara fitila na ɗauka. Na ce wa kaina aikina ne, ni ban kama ko ɗaya ba. Ranar da aka ce ki ɗauki gefen da ke da kyau ki bar gefen buhu, ko wane ne ya ce, ko shugabar aikinku ce, ki sauke kyamarar. Ni ban sauke ba, kuma har yau in na ji ƙarar buhu ana ja a ƙasa sai na waiwaya.

Saura ɗaya, ita ce mafi muni. Kina rarrafe lokacin. Wata ranar Laraba da la'asar ina ɗakin wanke hoto, na leƙo ta labule sai na hango Pa Biyik a waje. Ya rame, yana riƙe da lema da 'yar jaka. Yana tsaye gaban gilashi yana kallon hoton. Ya yi tafiyar yini guda ya zo. Na saki labulen na koma ciki na murɗa makulli. Ya shigo ya yi sallama irin tamu, yadda na koya masa. Ya kira, "Malam Foto." Sau uku. Ina tsaye cikin duhu da warin magani, ina jin numfashinsa, na ƙi motsi. Na ji ya zauna a bencin da muke raba goro. Ya daɗe, har aka kira magariba. Sannan na ji ya tashi. Da na fito ba kowa, sai ƙunshin bobolo a kan benci, matarsa ta aiko mini.

Na sauke hoton a ranar na yayyaga, kamar hakan zai mayar da wani abu. Kullum ina cewa bayan Sallah zan je ƙauyen, bayan damina zan je. Shekara uku ina faɗa, sai wani ɗan garinsu ya gaya mini a Marché Congo cewa tsohon ya rasu. Ya ce filin yana nan, ruwan yana nan, amma shiru. Har yau ban san abin da ya zo gaya mini ba. Wataƙila zagi, wataƙila tambaya kawai zai yi. Za ki yi kuskure a can, dole ne, kowa yana yi. In kin yi, ki fito ki tsaya a gaban mutumin tun yana nemanki. Zafin fuskar na ɗan lokaci ne, ni kuwa shekarunki nawa yau, haka nake ɗauke da wannan.

An kira azahar. Bari in je in dawo.

Na dawo.

A cikin sallah na kasa tattara hankalina, sai karanta wasiƙar nan nake a kaina. Ni da nake ba ki shawarar ki fito, sati uku ina ina? Kin kira ni sau biyu, ina kallon wayar tana ƙara har ta yanke. Ba ki yi mini laifin komai ba. Kin nuna mini hoto ne kina murna, kina jiran mai hoto ya ce miki madalla, ni kuma na ga abin da na ɓata, na ga 'yata za ta je gyara irinsa, kunya ta kama ni, sai na juye ta a kanki. Na fake da cewa ke mace ce, na fake da maganar unguwa. Ƙarya nake.

Da aka sallame na riƙo rigar Kawunki Isa, na sa aka tsayar da Malam Buba yana neman takalmi. Na ce maganar da na ɗaura a gabansu, a gabansu zan kwance. Na ce su shaida na janye, tafiyarki da yawuna, da yardata, da albarkata. Malam Buba ya ce, "Alhamdu lillahi, da ma mun zuba maka ido ne." Kawunki ya buɗe baki zai fara wa'azi, na ce ya riƙe, ban gama ba. Na ba su labarin Pa Biyik tun daga kwano har benci, a ƙofar masallaci, mutane suna wucewa suna ji. Malam Buba yana teburin mai shayin nan a ranar, yana cikin masu dariya. Ya sunkuyar da kai, ya ce ya tuna.

Saboda haka ki tafi, Uwata. Ba na so, kada ki ɗauka na fara so. Ina tsoron jirgin, ina tsoron zazzaɓin kurmi, ina tsoron giwar da kike ɗokin gani. Amma ki tafi da zuciya sake, ba hakkin uba a wuyanki. Ki riƙe sallarki ko a kan ganye ne, in kin rasa gabas ki tambayi mutanen wurin inda rana ke fito musu. Ki kwana cikin gidan sauro. Ki sa kyamararki cikin gwangwani da ɗanyar shinkafa, damshin kurmi yana cin gilashi. Ki kira mahaifiyarki duk ranar da kika sami layi, ko ba ki nemi ni ba.

Abu ɗaya ya rage, kuma ban taɓa faɗa wa wanda na haifa ba. Na zalunce ki a gaban mutane, na sa kin yi sati uku kina shirin tafiya da kuka. Ki yafe mini. Ba umarni ba ne, roƙo ne, kina da ikon ki ƙi.

Ba zan ba kowa takardar nan ya kai miki ba. Yanzu zan rufe shago in kawo da kaina. Zan miƙa wa Gwaggonki, in zauna a dakalin ƙofar gida har ki gama karantawa. In kin fito, to. In ba ki fito ba, ba zan ce komai ba, albarkar tana nan yadda na faɗa, kuma gobe zan dawo in sake zama.

Allah ya kiyaye ki a sama da ƙasa, a ruwa da tudu. Allah ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa ki fi ubanki riƙon amana. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya yafe mana abin da muka ɓata da hannunmu da bakinmu. Allah ya yi miki albarka, ya yi miki albarka, ya yi miki albarka.

Wassalam.

Ni ne Babanki, ina waje.